Uzairu Mai Fiɗa Da Farar Ƙwayar Yayansa

Duk wanda ya san Abatuwa, babbar mayankar Jos, kafin shekarar dubu biyu ya san Uzairu mai fiɗa. Ba shi da rumfa, ba ya sayar da nama. Aikinsa raba sa da fatarsa, kuma a wannan aikin ba a haɗa shi da kowa. Idan aka kayar da sa aka yanka, sai ya durƙusa ya tsaga daga maƙogwaro har gindin wutsiya da jan wuƙa guda, sannan ya riƙa bi da bakin wuƙar tsakanin fata da tsoka, yana yi yana hira. Fatar da ya feɗe babu huda, babu nama manne a jikinta. Dillalan fata kan ɗaga ta su duba a hasken rana, su ware ta gefe, ba sai sun tambayi wanda ya yi ba.

Su biyu mahaifinsu ya bari, shi da yayansa Mahdi. Mahaifin, Malam Jika, ya zo Jos zamanin haƙar kuza, yana bin barikin leburori da tiren nama har Allah ya hore masa ya gina gida a unguwar Kwango-Rasha. Ya rasu Uzairu bai gama wayo ba, saboda haka Mahdi ne ya riƙe shi. Shi ya saya masa wuƙar farko, shi ya kai shi gaban manyan mahauta, shi ya nemo masa auren Balaraba. Gida ɗaya suke zaune, kowa da sashensa, amma abinci a kwano ɗaya suke ci a zaure. Uzairu bai taɓa kama sunansa ba, sai dai Yaya.

Alhaji Mahdi mutum ne mai natsuwa irin wadda ake kwatance da ita. Yana da rumfar nama, kuma in rigima ta tashi tsakanin mahauta shi ake kira. Mu da muka tashi a layin mun san shi da abubuwa ƙanana. Ba ya rabuwa da gorar ruwa, kullum yana kurɓa. Idan yana zuba shayi hannunsa kan ɗan yi rawa, kaɗan, sai mai lura. Safe da yamma yana haɗiyar wata farar ƙwaya daga kwalbar da aka kankare takardar jikinta, ya ce ta hawan jini ce, kuma wurin mutum ɗaya yake karɓa, Sylvester mai kyamis na bakin layi, wanda aka haifa a Jos kuma tare suka yi ƙuruciya. Bayan 'yan watanni yakan je Kaduna ganin wani abokin ciniki, ya dawo da ɗan filasta a gwiwar hannu. Ba wanda ya taɓa haɗa waɗannan abubuwa wuri guda.

Ciwon Uzairu ya fara ne shekara guda bayan rikicin dubu biyu da ɗaya. Da farko mahauta murna suka yi, don aikin mutum uku yake yi shi kaɗai. Sai barci ya ɗauke masa. Sai magana ta ƙi tsayawa a bakinsa, yana cikin wannan zancen ya faɗa wancan. Ya ce zai gina mayankar da za ta ciyar da ƙasa uku, ya riƙa zana ta da gawayi a bangon zaure. Ranar da ya ɗauki cinyar san wani ya bi titi yana raba wa masu acaba, ranar aka riƙe shi. Da wannan guguwa ta wuce sai wata ta zo, ta kwantar da shi a ɗaki, fuska ga bango, ba ci, ba wanka, Balaraba tana magana kamar da dutse take yi.

An yi rubutu, an yi hayaƙi, an yi tofi. Da abin ya dawo karo na biyu, Mahdi da kansa ya ce a tafi asibiti. Balaraba ta daɗe tana ba da labarin yadda ya riƙe hannun ƙanensa a cikin tasi har suka isa.

Likitan da suka samu sunansa Dakta Ambrose, mutum mai haƙurin sauraro. Ya yi musu bayani da Hausarsa ta 'yan Jos cewa ciwon sananne ne, yana ɗaga mutum sama sannan ya jefa shi ƙasa, kuma sau da yawa yana bin jini. Ya ce akwai wani magani, litiyam, wanda in ya karɓi mutum yakan zaunar da shi shekara da shekaru. Sai dai ba kowa yake karɓa ba, samunsa a nan da wuya, kuma dole a riƙa auna jini a kai a kai don in ya yi yawa yana taɓa ƙoda, ga shi na'urar awon ba kullum take aiki ba. Abin da likitoci suka lura da shi, in ji shi, shi ne karɓar maganin ma takan bi dangi. Idan wani na jininka ya sha ya samu lafiya, kai ma akwai kyakkyawan zato. To in akwai irin wannan a gidansu, zai ɗauki wahalar ya fara da shi. In babu, zai fara da abin da ke hannu.

Ya dube su ya tambaya ko akwai wanda ya taɓa irin wannan ciwo a dangi, uba, kawu, ɗan'uwa.

Uzairu ya juya ga yayansa, don shi ya san na baya.

"Babu," in ji Mahdi. "Mu dai a gidanmu ba mu gaji wannan ba, likita. Shi ne farko."

Dakta Ambrose ya gyaɗa kai, ya rubuta allurar wata-wata da wasu ƙwayoyi.

Allurar ta kashe guguwar, gaskiya ne, amma ta haɗa da mutumin. Wuyansa ya sandare. Tafiyarsa ta koma ta tsoho, yana jan ƙafa. Miyau yakan zubo masa bai sani ba. Abin da ya fi ci masa rai hannu ne. Ya koma Abatuwa, ya durƙusa gaban sa kamar yadda ya saba, wuƙa ta ƙi bin inda ido ya nuna mata. Fata ta farko huda biyu, ta biyu ya daina ƙirgawa. Dillalin da ya saba ware fatarsa gefe ya ɗaga ta, rana ta leƙo ta cikin ramukan, ya ajiye ta cikin sauran. Wannan ya fi zagi zafi. Aka canja masa ƙwaya, ta fito masa da ƙuraje har cikin baki. Aka sake wata, ta kumbura shi, ya riƙa barci a zaune. Duk sanda ya gaji ya daina sha, ciwon ya dawo da ƙarfinsa, a sake komawa kan allura. A ƙarshe sarkin fawa ya tausaya masa ya ba shi wankin tumbi da hanji a bakin famfo, aikin da ake ba sabbin shiga.

Ana cikin haka wata magana ta fara yawo. Wai Uzairu wiwi yake sha a ɓoye, a bayan mayanka, shi ya taɓa masa kai. Mutumin da ko sigari bai taɓa sa wa a baki ba. Ya ji ta a bakin famfo, daga wani da ya ce masa cikin raha ya rage hayaƙi ko hannun ya dawo. Ya je wa yayansa da ita yana huci. Mahdi ya ce ya yi haƙuri, bakin mutane ba ya ɗinkuwa, in ya tanka ma ƙara ta zai yi.

Lokacin ne kuwa ake neman auren Ummusalma, babbar 'yar Mahdi. Kowa ya san yadda ake yi. Kafin a kawo kaya, dangin miji sukan turo dattawa su bi unguwa a hankali suna binciken asali, ko akwai kuturta a gidan, ko farfaɗiya, ko taɓin hankali. Ciwon da mutum ya jawo wa kansa nasa ne shi kaɗai. Ciwon da ke cikin jini kuwa na duk 'yan matan gidan ne. Dattawan suka zo, suka ji labarin wiwi a wurare da yawa, suka koma suka ce gida lafiya lau, ƙanen uban ne kawai ya lalata kansa. Aka ɗaura aure. Uzairu ya zauna can ƙarshen tabarma, ya ɓoye hannayensa cikin babbar riga, ya yi wa 'yar yayansa addu'a da zuciya ɗaya.

Haka shekaru suka tafi. Balaraba ta kama sayar da awara a ƙofar gida. 'Yarsu Salma ta daina bin hanyar Abatuwa in za ta makaranta, don kada ƙawaye su nuna mata babanta a bakin famfo. Mahdi bai taɓa gazawa da su ba, wannan kowa shaida ne. Buhun masara in ya shigo gida biyu ake raba shi, kuma shi yake raka ƙanensa asibiti duk wata, ya zauna a gefensa. Sau da yawa Dakta Ambrose yakan sake tambayar, ko an tuna wani a dangi. Amsar ba ta taɓa canjawa ba.

Sai rikicin ƙarshen dubu biyu da takwas ya zo, bayan zaɓen ƙaramar hukuma. Ba zan tsaya a kansa ba, har yanzu in ƙofa ta bugu da ƙarfi sai gabana ya faɗi. Abin da ya shafi wannan labari shi ne, da hayaƙi ya lafa garin ya tsage. Unguwannin da ake cuɗanya suka rabu, kowa ya koma inda nasa suka fi yawa. Sylvester ya kwashe abin da ya tsira na kyamis ɗinsa ya koma Jos Jarawa, inda a watannin nan mai hula irin ta Mahdi ba zai taka ba. Hanyar Kaduna ma ba ta biyuwa cikin kwanciyar rai.

Kwalbar Mahdi ta ƙare. Akwai masu kyamis a unguwa, 'yan'uwa Musulmi, waɗanda za su iya nemo masa ko mene ne. Amma dole sai ya faɗi sunan maganin, kuma mai kyamis ya san ciwon da ake sha masa, kuma mai kyamis yana da mata, matar tana zuwa suna da biki. Bai je wurin kowa ba, ya ce wa kansa shekara ashirin da wani abu lafiya lau, ƙila ma ya warke.

Uzairu ne ya fara gani. Wata safiya yana bakin famfo ya ji muryar yayansa ta cika rumfuna. Alhaji Mahdi, wanda sai ka matso kake jin maganarsa, yana tsaye kan teburin sara yana bayanin yadda zai sayi dukan shanun da ke kara, kasuwar dabbobi, ya sulhunta garin da nama, Kirista cinya, Musulmi cinya. Mutane suna dariya, suna zaton raha ce. Uzairu bai yi dariya ba. Ya ga idon, ya ji yadda zance ke hawa kan zance ba numfashi. Ya san wurin nan, ya zauna a cikinsa. Tumbin da ke hannunsa ya sulale cikin kwata.

Da aka samu aka kai Alhajin gida, matar Mahdi ta kira Uzairu gefe ta miƙa masa kwalbar da babu komai ciki. Ta ce tun da maganin hawan jinin nan ya ƙare Alhaji bai runtsa ba, ko jinin ne ya hau masa kai. Ita ma iyakar abin da ta sani ke nan. Uzairu ya nemi lambar Sylvester, suka yi alkawarin haɗuwa da rana a kasuwar Taminus, inda kowa ke iya zuwa.

Sylvester ya rame. Ya rungume shi, ya tambayi mutanen layi ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda Uzairu ya rasa yadda zai gaya masa. Sannan ya ciro ƙunshi daga jaka ya ce tun tuni ya ajiye, yana ta kiran wayar Alhaji ba a ɗauka. Ya ce wannan ba maganin da ake yankewa haka nan ba ne, kuma kada a ba shi sai likita ya gani, tunda an daɗe ba a sha ba. Uzairu ya ce ai hawan jini ba ya sa mutum ya hau tebur.

Sylvester ya dube shi da mamaki.

"Wane hawan jini? Litiyam ne, Oga Uzairu. Tun kafin ka yi aure yake sha. Ni na ɗauka kai ma an gwada maka bai yi ba ne, shi ya sa ban taɓa magana ba. Ba ɗan'uwanka ba ne? Ba tare kuke zuwa asibiti ba?"

Uzairu ya san sunan. Sau ɗaya ya ji shi, shekaru shida da suka wuce, amma bai manta ba, don ya sha kwanciya yana tunanin maganin nan da aka ce yana zaunar da mutum, wanda shi bai dace da shi ba saboda ba shi da kowa a dangi. Ya tsaya a tsakiyar Taminus, masu acaba suna zagaye shi suna masa tsawa, yana duban ƙunshin da hannunsa ke karkaɗawa. Gorar ruwa, tafiyar Kaduna, filastar gwiwar hannu, duk suka zo suka jeru. Safe da yamma, a gabansa, a kan tabarmar da suke cin tuwo.

Washegari shi ya riƙe hannun yayansa a cikin tasi. Mahdi yana ta zuba, yana yi wa direba alkawarin mota sabuwa. Dakta Ambrose ya ga su biyun sun shigo, ya ga wanda ke riƙe da wani, ya ajiye biro. Bayan an yi wa Mahdi allurar da ta kwantar da shi, likitan ya yi tambayar da ya saba, da murya ƙasa-ƙasa, kamar mai jin nauyinta.

"Akwai," in ji Uzairu. "Ni ne. Shi kuma ga abin da yake sha tun ina saurayi." Ya ɗora ƙunshin a kan tebur.

Likitan ya daɗe yana kallon ƙunshin. Bai zagi kowa ba. Ya ce kawai ba ya yin alkawari, jini ɗaya ba ya nufin jiki ɗaya, amma da ya san wannan tun ranar farko da ba ta hanyar da suka bi za su bi ba. Aka auna ƙodar Uzairu, aka shirya inda za a riƙa kai jininsa, aka fara janye allurar a hankali.

Maganin ya karɓe shi. Wannan ne abin da ya fi yi masa ciwo. Da bai karɓe shi ba, da ya ce ƙaddara ce, ko an faɗa ko ba a faɗa ba duk ɗaya. Amma kafin damina ta tsaya wuyansa ya saki, miyau ya tsaya, barci ya daidaita, Balaraba ta ce ta ji dariyarsa ta dā. Kowace safiya da ya tashi garau, sai ya ga a fili shekarun da aka ɗauke masa. Hannun ne bai dawo duka ba. Likita ya ce allurar ta daɗe a jiki, wani abin yakan zauna.

Mahdi ma ya dawo hayyacinsa. A unguwa aka ce firgitar rikici ce ta taɓa shi, kuma da yake mutane da yawa sun taɓu a shekarar, ba wanda ya ja zancen. Wata la'asar ya aika a kira ƙanensa zaure. Ya yi bayani mai tsawo, kansa a ƙasa. Ya ce mahaifinsu ma haka yake, tafiye-tafiyen fataucin da ake cewa yana yi, a ɗakin baya yake yin su, a kulle. Ya ce ranar da likita ya yi tambayar ya buɗe baki zai faɗa, sai ya tuna ma'aikaciyar jinyar da ke tsaye a ɗakin 'yar unguwar su saurayin Ummusalma na lokacin ce, wanda ya aure ta daga baya. Ya ce ya ɗauka kowane magani magani ne, ƙanen zai samu sauƙi ko da wanne. Da ya ga ba haka ba, ƙaryar ta riga ta yi girma. Yanzu ga ƙannen Ummusalma biyu sun isa aure, ga Salma ma ta taso. Yana roƙo, don Allah, don zumunci, maganar ta tsaya tsakaninsu da likita.

Uzairu ya saurara har ƙarshe. Ya tambaye shi abu ɗaya, wa ya fara cewa wiwi.

Mahdi ya ce shi bai ce ba. An tambaye shi ne ko hakan ne, bai musa ba.

"To, Yaya, ban ce ka tona kanka ba," in ji Uzairu. "Ka riƙe ciwonka, ka riƙe na Baba. Abu ɗaya nake so. Gobe ka zo Abatuwa, gaban sarkin fawa, ka ce ƙanenka bai taɓa shan wiwi ba. Kai suke ji. Iyakarta ke nan."

 Mahdi ya ce in ya faɗi haka za a tambaya, to me ya same shi.

"Za a tambaya," in ji Uzairu.

Mahdi ya ce a ba shi lokaci, sai bayan bikin yaran.

Washegari Uzairu ya yi sammako. Ya wasa tsohuwar wuƙarsa, ya roƙi wani mahauci ya bar masa ɗan maraƙi ya gwada. Ya feɗe shi a hankali, ba hira, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Huda ɗaya, kusa da kafaɗa. Yana yi yana ɗaga kai yana duban ƙofar mayanka. Har rana ta take, aka wanke daɓe, aka fara kulle rumfuna. Ashe Mahdi ya zo tun da hantsi, ya bi ta ƙofar baya ya shige rumfarsa.

Yau Uzairu yana fiɗar awaki da tumaki, shanu sai jefi-jefi. Ba a ware fatarsa gefe, amma ba a mayar da ita. Har yanzu akwai masu ce masa ashe da ya bar hayaƙi ga shi ya warke, su yi masa barka. Yakan ce Allah ya sa mu dace, ya ci gaba da aikinsa. Bai gaya wa kowa ba sai Balaraba, sai kuma Salma, wadda ya zaunar ya ce mata ko bayan ransa, duk likitan da ya tambaye ta ko akwai a dangi, ta ce akwai, ta faɗi sunan maganin.

Duk wata shi yake zuwa Taminus ya karɓo ƙunshi biyu wurin Sylvester. Nasa yakan bar shi da takardarsa. Na yayansa yakan kankare takardar ya ba matar ta kai masa. Kwanon zaure kuwa Balaraba ta daina zuba na mutum biyu tun ranar maraƙin nan, don Uzairu a ɗaki yake ci. Idan suka haɗu da yayan a ƙofar gida yana gaishe shi, har da rusunawa, kamar yadda ya saba tun yana yaro. An ɗaura auren ƙanwar Ummusalma ta farko a watan jiya. Saura ɗaya.